Babi na Shida: Sarautar 'Yan Dako a Bahiya

Birnin Salbador, babban birnin Bahiya a ƙasar Birazil, gari ne mai hawa biyu. A ƙasa, bakin teku, nan tashar jiragen ruwa take, da rumbunan 'yan kasuwa da ofishin kwastan. A sama, kan tudu, gidajen masu hali ne da coci-coci da fadar gwamna. Hanyoyin da suka haɗa su kuwa hawa ne mai wuya, wanda keken doki ba ya iya yi da kaya. Don haka a ƙarni na 19 duk abin da zai motsa a garin sai ya bi ta kan mutum ko kafaɗarsa: akwatunan sukari, gangunan giya, ƙunshin taba, ruwan sha, har su kansu masu garin, waɗanda ake ɗauka a kujera mai labule, ƙarti biyu na saɓe da ita. Masu wannan aiki kusan dukkansu 'yan Afirka ne, wasu bayi, wasu sun fanshi kansu. A 1835 mutanen birnin sun kai wajen 65,000, kuma kusan ɗaya cikin uku a Afirka aka haife shi.

A farkon ƙarnin, Hausawa na cikin waɗanda jirage suka fi saukewa a wannan tasha. Dalilin yana gida. Jihadin da ya tashi a Gobir a 1804 ya bazu ko'ina cikin 'yan shekaru. Katsina ta faɗa hannun su Malam Umarun Dallaji a 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga bisani suka kafa Maraɗi, aka ci gaba da kai wa juna hari shekara da shekaru. Kowane yaƙi yana barin kamammu, daga wannan ɓangare da wancan. Ana kora su kudu ta ƙasar Nufe da Oyo har bakin teku, Ikko ko Badagiri ko Wida, inda 'yan kasuwar Bahiya ke jira da taba, wadda ita ce babbar hajar da suke musayar mutane da ita. Wanda ya yi yaƙi ƙarƙashin tuta da wanda ya yaƙi masu tuta sai su tsinci kansu a cikin jirgi ɗaya, sarƙa ɗaya. Takardun Turawan Fotugal ba su damu da garin mutum ba. Bahaushe kawai suke rubutawa da irin lafazinsu, su laƙa masa sunan Kirista. Amma wani jakadan Faransa a Bahiya, Francis de Castelnau, ya zauna da wasu daga cikinsu ya yi musu tambayoyi, ya buga littafi a 1851. Shi abin da ya fi damunsa shi ne labarin wasu mutane masu wutsiya da aka ce suna zaune a tsakiyar Afirka. Su kuwa suka yi ta ba shi labarin Kano da Katsina da Zazzau, da yaƙin da aka kama su, da zangon da aka bi da su har teku.

Bautar birni ta bambanta da ta gonakin rake. Ubangijin bawa a Salbador sau da yawa ba ya da aikin da zai ba shi a gida. Sai ya sake shi ya fita titi ya nemi dako ko wata sana'a, bisa sharaɗin zai kawo wani adadi na kuɗi kowace rana ko kowane mako. Abin da ya yi saura nasa ne. Wasu ma ba sa kwana a gidan ubangijin. Haya suke kamawa a ƙarƙashin benaye tare da 'yan'uwansu. Bahaushen wancan zamani ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin murgu ke nan, irin wanda bayi ke biya a Kano da Katsina, kuma da rarar murgu ake tara kuɗin fansa can da nan. Har adashi suna yi: a riƙa zubi wurin wani amintacce, in kuɗi ya taru a fanshi mutum ɗaya, shi kuma ya ci gaba da biya har a kai ga na gaba.

Abin da ya fi jan hankalina a duk wannan tarihi shi ne wurin da suke zama suna jiran aiki. Sunansa kanto, wato kusurwar titi, ko bakin tasha, ko gindin wani gini inda ƙungiya ɗaya ta 'yan dako ta mayar mazauninta. Kowane kanto da mutanensa, galibi 'yan ƙabila ɗaya: na Hausawa daban, na Yarbawa daban, na mutanen Dahome daban. Mai kaya ya san inda zai je. Kafin aiki ya zo, ba a zaman banza. Wani na saƙar hula ko tabarma, wani na ɗinki, wanzami na aski, mata masu abinci suna zagayawa. Kuma kowane kanto yana da shugaba, wanda ake kira kyaftin. Shi ke cinikin aiki da mai kaya, shi ke cewa wane da wane za su ɗauka, shi ke karɓar lada ya raba, shi ke sasanta rigima, shi ke tsayawa gaban 'yan sanda in an kama nasa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kankiya ko ta Charanchi ya ga yadda 'yan dako ke jiran shugabansu ya gama magana da mai buhuna kafin kowa ya naɗa gammo, ya san irin wannan matsayi.

Bambancin shi ne, a gari da doka ta ɗauki yawancinsu a matsayin dukiyar wani, su ne ke zaɓen wannan shugaba da kansu. Ba ubangiji ke naɗa shi ba, ba majalisar gari ba. Manuel Querino, wani baƙar fata ɗan Bahiya da ya rubuta al'adun 'yan Afirka na garin, ya bayyana yadda ake bikin naɗin: a cika ganga da ruwan teku, a ɗaure ta da igiya a jikin sanduna, sabon kyaftin ya hau kanta riƙe da reshen itace da kwalba, mutanensa su saɓa shi su zaga unguwa suna waƙa, sannan a komo kanto 'yan sauran ƙungiyoyi su zo gaisuwa. Mutumin da safiyar ranar ya biya murgu, da yamma ga shi bisa kafaɗun 'yan'uwansa, kuma hujjar sarautarsa ita ce sun yarda da shi. A Birazil ta lokacin, ko ɗan ƙasa mai 'yanci sai yana da wani adadin kuɗin shiga a shekara kafin ya jefa ƙuri'a.

Hukuma ba ta daɗe ba ta gane cewa mutanen da suka iya tsara ɗaukar kaya za su iya tsara wani abu dabam. A watan Mayu na 1807 gwamna, Conde da Ponte, ya sami labarin wani shiri na Hausawa da aka tsayar wa ranar wani babban bikin coci. Sun naɗa shugaba a kowace unguwa, da wani manzo da ke kai saƙo tsakaninsu, sun tara baka da kibau, kuma cikin niyyarsu har da ƙwace jirage su komo gida. Aka kama su kafin ranar, aka kashe biyu. A Janairun 1809 wasu suka gudu daga birni da gonaki suka kai hari kusa da garin Nazare. Tawaye mafi girma shi ne na 28 ga Fabrairun 1814, lokacin da fiye da mutum 200 suka ƙona wuraren kamun kifi na Itapuwa, arewa da birnin, suka nufi yankin gonakin rake, sojan doki suka tare su a bakin kogin Joanes. Takardun shari'a sun kira jagoransu João Malomi, malami ke nan. Cikin wannan shekara kuma aka sake bankaɗo wani shiri, kuma a wannan karon binciken ya nuna kai tsaye ga kantunan Hausawa na bakin tasha, waɗanda ke da alaƙa da bayin da suka gudu suka kafa sansani a dajin bayan gari.

Daga nan jinin waɗanda ake kawowa ya sauya. Daular Oyo ta fara rushewa, musamman bayan tawayen Afonja a Ilori a 1817, wanda bayi Hausawa na ƙasar suka mara wa baya, sai jirage suka koma cika da Yarbawa. Shi ya sa babban tawayen da duniya ta fi sani, na 1835, na Yarbawa Musulmi ne a mafi yawa. Hausawa wajen ɗaya cikin goma ne na waɗanda aka gurfanar. Masu son su mayar da shi tawayen Hausawa zalla suna ƙara gishiri, kuma babu bukata, don abin da ya faru ya isa.

An shirya shi ne a ƙarshen watan azumi, daren 24 wayewar 25 ga Janairu, lokacin da masu garin suka tafi wani biki a unguwar Bonfim. Malamai ne suka jagoranta, kuma kusan duk ma'aikata ne. Pacífico Licutan, dattijo Bayarabe, naɗin taba yake yi. Sau biyu almajiransa suna tara kuɗin fansarsa ubangijinsa bai sake shi ba, ƙarshe ma aka kulle shi a kurkuku a matsayin kadarar da za a sayar a biya bashin da ake bin ubangijin. Luís Sanim, Banufe, shi ma naɗin taba yake, kuma shi ke riƙe da wani asusu da ake raba kuɗinsa uku: na ɗinka fararen riguna, na biyan murgun ranar da mutum bai fita aiki ba, da na fansa. Bahaushen cikinsu shi ne Dandara, wanda aka rubuta da sunan Elesbão do Carmo, mai shagon taba a kasuwar Santa Barbara, wanda ya shaida wa masu bincike cewa tun a ƙasarsu malami ne. A shagonsa da ɗakunan irinsa ake karatu da salla.

Asiri ya tonu da yammacin ranar, ta bakin wata 'yantacciya, Guilhermina Rosa de Souza. 'Yan sintiri suka shiga bincike gida gida, har suka isa wani gida a gangaren Ladeira da Praça, inda mutum wajen 60 ke jiran asuba. Ganin an rutsa su, sai suka fito da takubba, sanye da fararen riguna da layu. Suka fara nufar kurkuku don fito da Licutan, abin bai yiwu ba. Suka bi tituna suna tada 'yan'uwansu, har suka kai wajen mutum 600. Hanyar fita zuwa gonakin rake ta bi ta gaban barikin sojan doki a Água de Meninos, kuma nan aka gama da su kafin gari ya waye: takobi a ƙasa, bindiga a kan doki. Wajen 70 suka mutu, wasu a cikin teku. An kashe mutum huɗu a 14 ga Mayu, da harbi, saboda an rasa wanda zai yarda ya rataye su. Ɗaya daga cikinsu, Jorge da Cruz Barbosa, ɗan dakon farar ƙasa ne. Licutan aka yanke masa bulala 1,000. Duk wanda aka samu da allo ko 'yar takarda mai rubutun Arabiyya ya shiga uku. Ɗaruruwan 'yantattu aka kora, ko suka tattara da kansu, suka koma Ikko da Wida da Ankara, inda zuriyarsu take har yau.

Yawancin masu ba da labarin nan suke tsayawa, don nan jini ya zuba. Ni kuwa a ganina abin da majalisar lardin Bahiya ta yi bayan watanni kaɗan ya fi nuna inda tsoronta yake. A watan Yunin 1835 ta yi doka ta soke kantuna gaba ɗaya. A madadinsu za a raba gari shiyya shiyya, kowace da mai sa ido wanda hukuma ta amince da shi, za a rubuta sunan kowane ɗan dako, a ba shi lambar ƙarfe, kuma daga cikin ladansa za a biya mai sa idon. Wato a cire wanda suka zaɓa a ɗora musu wanda aka naɗa, su kuma ciyar da shi. Aka fara aiki da dokar a 1836. 'Yan dako ba su ɗauki makami ba. Wasu suka ƙi zuwa rajista, wasu suka ba da sunan ƙarya, wasu suka ƙaurace wa inda masu sa ido suke. Kaya suka yi ta zama a tasha, kuɗin dako ya hau, 'yan kasuwa suka fara ƙorafi. Ba a daɗe ba dokar ta mutu a tsaye, kantuna suka koma inda suke da kyaftin ɗinsu.

Bayan shekara 21 majalisar gari ta sake gwadawa. Dokar 1857 ta ce babu ɗan dakon da zai yi aiki sai ya yi rajista ya biya kuɗi reis 2,000, ya ƙara 3,000 na wani faranti na ƙarfe mai lamba da zai rataya a wuya, kuma wanda ya fanshi kansa sai ya kawo mai tsaya masa. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai biyan murgu, amma farantin ya fi ciwo. Mutumin da ya yi shekaru yana tara kuɗi don ya cire ƙarfe daga jikinsa, yanzu an ce ya saya ya rataya da hannunsa.

Ranar Litinin 1 ga Yuni, ranar da dokar za ta fara aiki, gari ya waye babu ɗan dako ko ɗaya a titi. Babu mai sauke jirgi, babu mai hawa da kaya tudu, masu kujera ba su fito ba, attajirin da bai saba taka ƙasa ba ya hau gangare da ƙafarsa. Ba a yi taro a fili ba, ba a buga takarda ba, ba a san sunan wani jagora ba. Magana ta bi daga kanto zuwa kanto ne, kuma wannan karon bawa da 'yantacce, Bayarabe da Bahaushe da sauran ƙabilu, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, duk suka zauna tare, abin da tawayen 1835 bai samu ba. Ƙungiyar 'yan kasuwa ta ruga wurin shugaban lardi, Cansanção de Sinimbu, shi kuma ya umarci majalisar gari ta janye kuɗin. Aka janye, amma aka bar faranti, yajin ya ci gaba. Da kwanaki suka ja, iyayengijin bayi, da murgunsu ya tsaya, suka fara zuwa da kansu suna yi wa bayinsu rajista suna tura su aiki dole. Waɗanda suka fito da faranti a wuya suka sha jifa da ature daga yara da mata, wasu aka fizge musu shi. Mata masu talla dokar ba ta shafe su ba, suna nan suna sayar da abinci, kuma da wuya a ce mazan sun yi fiye da mako ba lada ba tare da an ba su bashin tuwo ba. A ƙarshe majalisa ta sassauta sharaɗin mai tsayawa, ta mayar da shi takardar shaidar hali daga hukuma, aka koma aiki. An ci biyu, an rasa ɗaya. Masanin tarihi João José Reis, wanda ya tono labarin daga jaridu da takardun majalisa, ya ɗauke shi a matsayin yajin aiki na farko da ya tsayar da wani muhimmin sashe na tattalin arzikin birni a Birazil.

Shekara 14 bayan haka ma'aikatan birnin Paris suka karɓe garinsu, daga 18 ga Maris zuwa 28 ga Mayun 1871. Suka zaɓi majalisa, suka ce duk wakilin da bai yi daidai ba masu zaɓe na iya tsige shi, suka hana aikin dare a gidajen burodi, kafin sojan gwamnati su murƙushe su a mako guda na kisa. Wannan kwana 72 ya shiga kowane littafin tarihin ma'aikata, kuma ya cancanta. Su suna da bindigogi da igwa da zauren majalisa da jaridu, suna kuma da marubuta irin su Karl Marx da suka ɗauki maganarsu nan take. 'Yan dakon Salbador ba su taɓa mulkin gari ba, ba su ma nema ba a 1857. Mulkinsu bai wuce faɗin kusurwar titi ba. Amma ya shafi abubuwan da ma'aikaci ke kwana da su a rai, wa zai yi magana da sunana, nawa ne ladan, wa zai raba, kuma ya rayu shekaru da dama a ƙarƙashin hukumar da ta yi doka musamman don kashe shi.

Kada kuma a yi masa kwalliyar da ba tasa ba. Kanto na maza ne, kuma ƙabila ce ƙofar shigarsa. Ba ƙungiyar yaƙi da bauta ba ce. Mutum na neman ya fanshi kansa ne, ba lallai ya rushe kasuwar ba, kamar dai yadda abin yake a gida a lokacin, inda mai rinji da bawansa ke bin liman ɗaya. Manoel Joaquim Ricardo, Bahaushe ne da aka sauke a Salbador a farkon ƙarnin yana bawa, ya shiga kasuwanci, ya sami 'yanci, ya mutu a 1865 yana da gidaje da bayi fiye da 20. Shi ma ɗan wannan tarihi ne, daidai da Dandara.

Birazil ta hana shigo da bayi a 1850, don haka babu sababbin zuwa da za su maye gurbin tsofaffi. A 1887, shekara ɗaya kafin a soke bautar gaba ɗaya, 'yan sandan Salbador suka buɗe littafin rajistar 'yan dako, suka rubuta mutum 1,703 a kantuna 89. Kusan rabinsu a lokacin haifaffun Birazil ne, da yawa sun baro gonakin rake, kuma 'yan Afirkan da suka rage duk sun manyanta. Littafin ya tsara su ne kanto kanto, kowanne da inda yake zama da sunan kyaftin ɗinsa a sama, kuma ta hannun kyaftin ɗin 'yan sanda ke bi in suna neman wani.